Shafin AMTI: inda ake ganin rigimar Tekun Kudancin Sin da ido, ga ra'ayina a kansa

Jama'a duk mai bin rigimar Tekun Kudancin Sin ya san ciwon kan da ke cikinta. Yau Beijin ta fitar da sanarwa wai jirgin Filifin ne ya kutso ya daki nata da gangan, kafin yamma Manila ta fitar da tata ta ce sam ba haka aka yi ba na Sin ne ya tare hanya yana feshin ruwa, kowa da kakakinsa kowa da guntun bidiyonsa, kai kuma kana nesa ba ka ma san inda wurin yake a taswira ba balle ka san wa ya fi gaskiya. Shi ya sa nake so na yi muku bayani a kan wani shafi da na daɗe ina amfani da shi, sunansa Asia Maritime Transparency Initiative amma kowa AMTI yake ce masa. Cibiyar nazari ta CSIS da ke Washintan ce ta buɗe shi a ƙarshen 2014, daidai lokacin da Sin take tsakiyar cike teku tana ƙirƙirar tsibirai. Kyauta ne, ba rajista ba biyan kuɗin wata, ka shiga kawai ka fara dubawa.

Tun daga farko bari na faɗi matsayina, a wannan fannin ban ga wanda ya kai shi ba cikin waɗanda ake samu kyauta, amma akwai abubuwan da ya kamata mutum ya sani kafin ya ɗauki duk abin da ya gani a ciki ya rungume.

Sashen da ya fi komai daraja a wurina shi ne wanda suke kira Island Tracker. An raba shi ƙasa ƙasa, Sin, Biyetnam, Filifin, Maleshiya, Taiwan, ka danna ƙasa sai ya jero maka duk wuraren da take riƙe da su, ka danna wuri sai ya kawo hotunan tauraron ɗan'adam kowanne da kwanan watan da aka ɗauka, da sunayen da kowace ƙasa take kiran wurin, da matsayinsa a doka. Wannan kwanan watan shi ne sirrin abun gaba ɗaya. Domin hoto guda ba ya gaya maka komai, amma ka jera na 2012 da na 2015 da na 2017 na wuri ɗaya, to a nan ne za ka gane me ake nufi da gani ya kori ji.

Ku fara da Mischief, dan Allah ku fara da shi. A tsohon hoton wani zobe ne na murjani a tsakiyar ruwa wanda in teku ta cika ma nutsewa yake, ba komai a kai sai 'yan rumfuna a kan ƙafafu da Sin ta kakkafa tun 1995, a lokacin ta ce mafakar masunta ce. Sai ka zo hoton 2015 ka ga jiragen haƙo yashi sun yi masa zobe, ruwan da yake shuɗi ya koma fari fat saboda ƙurar murjanin da ake niƙewa ana fesawa a kan tudun. Sai hoton da ya biyo baya, titin saukar jirgi, rumfunan ajiye jiragen yaƙi a jere, ƙwallayen rada farare, tashar jiragen ruwa, gine-gine bene bene, fili sama da eka 1,300 a inda da babu ko taku ɗaya na busasshiyar ƙasa. Kuma wurin nan mil 130 ne kacal ko kusa da haka daga tsibirin Palawan na Filifin, alhali daga Hainan ta Sin tafiya ce ta ɗaruruwan mil. Haka aka yi a Subi, haka a Fiery Cross, waɗannan ukun su ne manya masu titin jirgi na wajen mita 3,000, sai ƙanana huɗu, Johnson ta Kudu, Gaven, Hughes da Cuarteron. Bakwai ke nan a rukunin tsibiran Spratly, kuma ma'aikatar tsaron Amurka ta ƙiyasta abin da aka cike ya haura eka 3,200 a cikin 'yan shekaru kaɗan kawai. A watan Satumba na 2015 Shugaba Xi Jinping ya tsaya a fadar White House kusa da Obama ya ce Sin ba ta da niyyar mayar da wuraren nan na soja. Ni ba sai na ce komai ba a nan, ku buɗe hotunan 2016 da 2017 ku duba da kanku, wallahi abin da ya sa nake ganin girman shafin ke nan, ba ya buƙatar ka yarda da shi, ya ajiye maka hoton ne kawai.

Abu na biyu da ya sa na ƙara yarda da su shi ne ba Sin kaɗai suke haskawa ba. Da yawa suna zaton ita ce ta fi kowa yawan sansani a Spratly, ba haka ba ne, Biyetnam ce, tana da wajen sansanoni 50 a warwatse a kan wurare 27. Filifin tara, Maleshiya biyar, Taiwan kuma ita ke riƙe da Itu Aba wanda shi ne mafi girma cikin tsibiran asali na rukunin. Daga 2021 Biyetnam ta shiga cike teku gadan-gadan ita ma, kuma AMTI ne suka dinga fitar da hotunan suna auna filin, musamman a Barque Canada wanda da ɗan ƙaramin sansani ne yanzu ya zama babbanta har da aikin titin jirgi. Zuwa tsakiyar 2024 sun ce jimillar abin da ta cike ya kai wajen rabin na Sin kuma ba ta tsaya ba. Wannan labarin ba ya yi wa Washintan daɗi sosai tunda tana zawarcin Hanoi, amma sun buga shi da lambobinsa. Abin da ya ɗaure min kai kuma har yanzu nake tunani a kai shi ne yadda Beijin ba ta ta da jijiyar wuya a kan na Biyetnam kamar yadda take yi wa Filifin in ta kai buhun siminti. A ganina dalilin bai wuce cewa Filifin tana da yarjejeniyar tsaro da Amurka tun 1951 ba kuma tana ɗaukar 'yan jarida a jiragenta tana fallasa komai, ita kuwa Biyetnam jam'iyyar kwaminis ce da kwaminis suna magana ta bayan fage. Kada a ɗauka ba jini a tsakaninsu fa, a watan Janairun 1974 Sin ta ƙwace sauran tsibiran Paracel daga hannun Biyetnam ta Kudu da yaƙi, a watan Maris na 1988 kuma an kashe sojojin Biyetnam 64 a Johnson ta Kudu, ɗaya daga cikin wuraren nan bakwai da na lissafa.

Sai taswirori. Akwai wadda ke nuna iƙirarin kowace ƙasa, kana kunna layi kana kashewa, kuma a nan ne mutum zai fahimci cewa rigimar kashi biyu ce da ake yawan cakuɗawa. Akwai rigimar wa ke da tsibiri, akwai rigimar wa ke da ruwan da abin da ke ƙarƙashinsa. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya wadda aka sa wa hannu a 1982 ta fara aiki a 1994 ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku daga gaɓarta a matsayin ruwanta na kanta, sannan har zuwa mil 200 kifi da mai da gas nata ne ita kaɗai duk da cewa jiragen kowa suna da 'yancin wucewa. Tsibiri na gaskiya yana da nasa mil 200, dutsen da mutane ba za su iya rayuwa a kansa da kansu ba mil 12 kawai yake samu, tudun da ke nutsewa in ruwa ya cika kuwa ba shi da komai nasa, kuma ko ka zuba masa yashi ka gina birni a kai matsayinsa na asali ne doka take kallo. To ka kunna layukan mil 200 na Biyetnam, Filifin, Maleshiya, Burunai da Indunusiya, sannan ka ɗora layin nan na Sin mai tsinke tara a kai, za ka ga ya shanye mafi yawan tekun ya bi ta gaban gaɓar kowa. Layin ya samo asali ne daga taswirar da gwamnatin Kuomintang da ke mulkin Sin a lokacin ta buga a 1947 mai tsinke goma sha ɗaya, daga baya aka cire biyu na mashigin Tonkin, a 2009 Sin ta maƙala shi a takardar da ta aika wa Majalisar Ɗinkin Duniya, a watan Agustan 2023 kuma ta fitar da sabuwar taswira mai tsinke goma, na goman yana gabas da Taiwan. Indunusiya ma da take cewa ita ba ta cikin masu rigimar tsibirai, layin ya shiga ruwanta na arewacin Natuna, shi ya sa a 2017 ta sake wa wannan yankin suna.

Hukuncin da wata kotun ƙasa da ƙasa ta yanke a kan rigimar ranar 12 ga Yuli 2016 ma suna da sashe a kansa inda suke bin diddigin ƙasashen da suka fito suka ce a bi shi, da waɗanda suka yi ta kame-kame, da waɗanda suka ƙi. Filifin ce ta kai ƙarar a Janairun 2013 bayan Sin ta mamaye tudun Scarborough a 2012, kotun sasancin da ta zauna a Hague ta ce iƙirarin haƙƙin tarihi a cikin layin tara ba shi da madogara a doka, ta ce babu ko ɗaya a Spratly da ya kai matsayin tsibiri mai mil 200 har da Itu Aba, ta ce Mischief da tudun Second Thomas suna cikin yankin cin arzikin Filifin na mil 200. Amma ba ta ce wane ne mai mallakar tsibiran ba domin ba ta da hurumin wannan, kuma ina jin haushin yadda mutane ke yawo da cewa kotu ta ba Filifin tsibirai, ba ta ba ta ba. Sin dai ta ƙi halartar shari'ar tun farko kuma har yau tana cewa hukuncin banza ne, duk da ta amince da yarjejeniyar dokar tekun tun 1996. Amurka kuma da take aika jiragen yaƙi da sunan kare 'yancin zirga-zirga, kamar USS Lassen da ya wuce kusa da Subi a Oktoban 2015, majalisar dattawanta har yau ba ta amince da yarjejeniyar ba. Wannan gaskiya ce mai nauyi kuma duk mai adalci dole ya ajiye ta a gefen waccan.

Akwai taswirar rijiyoyin mai da gas, akwai kuma wadda ke zana da'irar nisan da makamai masu linzami da rada da jiragen yaƙin Sin za su iya kaiwa daga sansanonin. Ta biyun tana da ban tsoro in ka kunna duka da'irorin a lokaci guda.

Amma inda na fi ƙaruwa, fiye ma da hotunan tsibirai, shi ne rahotanninsu a kan jiragen ruwa. Domin ginin tsibirai na Sin a Spratly kusan ya kammala tun tuni, abin da ake yi yanzu shi ne zama a wuri a ƙi tashi. Manyan jirage na ɗauke da wata na'ura da ake kira AIS mai watsa sunan jirgi da inda yake da saurinsa don gudun karo, su AMTI sai su tattara wannan bayanin na shekara guda su haɗa da hotunan tauraro su ƙirga kwana nawa jiragen dogaran tekun Sin, wato masu gadin gaɓarta, suka yi suna sintiri a Scarborough, kwana nawa a Luconia kusa da gaɓar Sarawak inda Maleshiya ke haƙar gas, kwana nawa a Vanguard inda Biyetnam ke da rijiyoyi. In ka duba za ka ga a wasu wuraren kusan kullum ne, shekara ta zagayo ba a ɗaga ba. Ba harbi ba yaƙi, jirgin fari ne ba na soja ba, yana nan dai kawai yana kewaye, har ya zama duk kamfanin da zai haƙa rijiya sai ya yi tunani sau biyu, duk masuncin da zai fita sai ya lissafa ko za a kore shi. Kamar maƙwabcin gona ne da yake cin kunya ɗaya ta iyaka duk damina, ba ranar da za ka ce yau ya ƙwace min gona amma bayan shekara goma iyakar ta matsa. Wasu jiragen nasu ma ba ƙanana ba ne, mai lamba 5901 tsawonsa ya kai mita 165, ya fi jiragen yaƙin ƙasashe da yawa girma, kuma tun Fabrairun 2021 dokar Sin ta ba dogaran tekun izinin amfani da makami a ruwan da take cewa nata ne.

Sai 'yan sa-kai na teku, jirage masu kamannin na kamun kifi waɗanda ba sa kamun kifi. A Maris na 2021 Filifin ta ce ta ƙirga wajen 220 a tudun Whitsun an ɗaure su gefe da gefe, Beijin ta ce masunta ne suka fake wa iska. AMTI suka bi hotunan baya suka nuna cewa jiragen sun daɗe suna taruwa a wurin, kuma binciken da suka fitar a wannan shekarar ya bi sunayen jirage da tashoshin da suke fitowa a Guangdong da Hainan da tallafin da gwamnati ke biyansu, suka ce a kowace rana akwai wajen 300 a Spratly. Irin wannan aikin ne ba za ka samu a labarin minti biyu ba, kuma shi ne ke sa in ka ji sabon rikici ka san asalinsa.

Misali Second Thomas. A 1999 Filifin ta ɗauki wani tsohon jirgin yaƙi da aka ƙera tun zamanin yaƙin duniya na biyu, BRP Sierra Madre, ta kafe shi da gangan a kan tudun ta bar 'yan sojoji a ciki don kada a yi masa abin da aka yi wa Mischief da ke kusa. Jirgin yana can tsatsa tana cinsa, sojojin kuma sai an kai musu abinci da ruwa, to wannan kai kayan ne ya zama fagen daga, mesar ruwa mai ƙarfi, tare hanya, karo, har ranar 17 ga Yuni 2024 da aka yi artabu da wuƙaƙe da gatari wani sojan ruwan Filifin ya rasa babban yatsansa. Bayan nan ne ɓangarorin biyu suka cimma wata fahimta ta wucin gadi a kan kai kayan. In ka buɗe taswirar ka ga tazarar da ke tsakanin wannan ruɓaɓɓen jirgin da katafaren sansanin Mischief sai tausayin yaran da ke cikin jirgin ya kama ka, ko wane ɓangare kake goyon baya. Kuma haɗarin a fili yake, Amurka ta sha nanata cewa yarjejeniyar 1951 ta shafi harin makami a kan jiragen gwamnatin Filifin a wannan tekun, a 2023 kuma sansanonin Filifin da sojojin Amurka ke da damar amfani da su sun ƙaru daga biyar zuwa tara. Kuskuren matuƙi ɗaya zai iya jawo manyan ƙasashe biyu masu nukiliya gaba da gaba a kan tudun da ruwa ke rufewa.

Na ji daɗi kuma da ba su manta da tekun kanta ba. Suna da rahoto a kan ɓarnar murjani, wadda cike teku ya yi da wadda masu haƙo manyan kumbunan teku suka yi, waɗanda ke kankare tudun murjani da farfelar jirgi don su ciro kumban su sayar, tabon yana fitowa a hoton tauraro kamar an yi zane da farce. Miliyoyin mutane a gaɓar tsibirin Luzon na Filifin da tsakiyar Biyetnam da Hainan da kifin nan suke rayuwa, kuma ba wanda zai iya kafa dokar kamun kifi ta bai ɗaya tunda amincewa da dokar wani kamar amincewa da mallakarsa ne. Su ne ake mantawa da su a duk wannan lissafin na manya.

To yanzu ga inda nake da ja.

Na farko, ido ne daga Washintan, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne, CSIS da kanta tana wallafa jerin masu ba ta kuɗi kuma a ciki akwai gwamnatoci da manyan kamfanonin ƙera makamai na Amurka. Ban ce hotunan ƙarya ba ne, hoton Mischief hoton Mischief ne ko wa ya biya kuɗinsa, kuma na riga na yaba musu a kan Biyetnam. Amma zaɓen abin da za a ƙirga shi ma matsayi ne. Za ka samu lissafin kwanakin sintirin Sin dalla-dalla, ba za ka samu irin wannan naci a kan jiragen leƙen asirin Amurka da ke shawagi kusa da Hainan ba, inda Sin ke da sansanin jiragenta na ƙarƙashin ruwa, alhali a wurin Beijin wannan shi ne babban abin da ke hana ta barci, kuma a 2001 ma an yi karo a sama a wannan yankin tsakanin jirgin leƙen asirin Amurka da jirgin yaƙin Sin har matuƙin Sin ya rasu. Mai son wannan ɓangaren sai ya nemi SCSPI, wata cibiya ce a Beijin da aka kafa a 2019 da ke bin sawun jiragen Amurka da irin waɗannan na'urorin. Ita ma da nata idon take kallo, har ma ta fi karkata a ganina, amma ka ajiye biyun gefe da gefe za ka fi fahimtar abin da kowanne ke tsoro. Sin tana kallon taswira tana ganin an kewaye ta daga Jafan zuwa Taiwan zuwa Filifin, mafi yawan man da take saye kuma ta mashigin Malaka yake biyowa. Wannan bai halatta mata shiga ruwan maƙwabta ba a wurina, amma wanda bai san da wannan tsoron ba ba zai taɓa gane dalilin nacinta ba.

Na biyu, kayan aikin da kansu suna da iyaka. Jiragen soja ba dole ba ne su kunna AIS, wasu kan kashe, wasu kan sa sunan ƙarya, ƙananan jirage kuma siginarsu ba ta kaiwa nesa. Tauraro yana wucewa ne a lokacinsa, gajimare na rufe wuri, dare ma haka. Don haka lambobin da suke bayarwa mafi ƙaranci ne, su ma suna faɗin haka a cikin rahotannin, matsalar ita ce masu yaɗawa suna yanke wannan gargaɗin su ɗauki lambar tsirararta. Haka kuma hoto yana nuna maka rumfa, ba ya nuna maka abin da ke cikinta ko abin da aka yi niyyar yi da ita.

Na uku, ba shafin labaran yau da kullum ba ne. In an yi karo da safe kada ka je can neman bayani da rana, sukan ɗauki lokaci kafin su fitar da nazari, wasu hotunan ƙananan wurare ma sun kwana biyu. Wurin fahimtar tushe ne.

Sannan ɓangaren diflomasiyya bai kai na hotuna ƙarfi ba, wataƙila don ba a ɗaukar hotonsa daga sama. Ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ASEAN, da Sin sun sa hannu a kan sanarwar ɗa'a a 2002 a Phnom Penh da alƙawarin za a yi cikakkiyar ƙa'ida mai ɗaure kowa, sama da shekara ashirin ana ta zama ana tashi. A 2012 a wannan birnin dai ministocin ASEAN suka watse ba sanarwar bayan taro, karo na farko a tarihin ƙungiyar, saboda Kambodiya mai masaukin baƙi ta ƙi a ambaci Scarborough. Ƙungiyar da sai kowa ya yarda take yanke shawara, ƙasa ɗaya ta isa ta tsayar da komai. Ga kuma sauyin shugabanni, a Filifin Shugaba Duterte ya ajiye hukuncin 2016 gefe ya nufi Beijin neman jari, Marcos ƙarami ya zo a 2022 ya juya akalar zuwa Washintan, Maleshiya kuma ta zaɓi yin shiru tana ci gaba da haƙar gas ɗinta. Akwai sharhin masana daga ƙasashen yankin a shafin da ke taɓa waɗannan, wasu masu kyau ne ƙwarai, amma a warwatse suke sai ka tona.

Ta fuskar amfani, Turancin nasu na masana ne, sai dai taswirorin da hotunan ko da ɗan Turanci kaɗan za ka bi su. Taswirorin da ake kunnawa ana kashewa sun fi daɗi a kwamfuta ko babban allo, a ƙaramar waya layukan kan hau juna, hotunan kuma manya ne suna jan data. Ku kula da sunaye wajen nema, shafin da sunayen Turawa yake jera wurare, to in ka ji Ayungin a bakin 'yan Filifin ko Ren'ai a bakin 'yan Sin, Second Thomas za ka nema, Pag-asa kuma shi ne Thitu inda fararen hular Filifin ke zaune suna hango fitilun Subi.

Wa zan ba shawarar ya yi amfani da shi? Ɗalibin huldar ƙasa da ƙasa ko na doka, ɗan jarida da ke fassara labaran waje, malami, da duk mai son ya san dalilin da ya sa ake ta da hankali a kan tekun da cinikin da ya bi ta cikinta a 2016 aka ƙiyasta ya kai dala tiriliyan 3.4. A ma'aunina huɗu cikin biyar ne, ɗayan na riƙe shi saboda rashin haska ɓangaren Amurka yadda ya kamata. Wanda zai fara, ya buɗe taswirar iƙirari tukuna ya kunna layukan mil 200 kaɗai ya kalle su da kyau kafin ya ɗora layin tara, daga nan ya wuce Island Tracker ya bi Mischief da Barque Canada hoto bayan hoto, sannan ya karanta rahoton sintirin dogaran teku na shekarar da ta fi kusa.